Baba na kwana da wuyan dokina a ɗaure, ni kuma ina jin nauyin hana shi

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 29, mazaunin cikin birnin Katsina. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mahayi ne, ya daɗe yana hawa a tawagar hakiminmu. Da ya rasu aka sayar da dawakinsa aka raba gado, barga ta zama wayam. Wata biyar da suka wuce na tattara ɗan abin hannuna na sayi ingarma akawal ɗan shekara huɗu a kasuwar Mai'adua, da niyyar in hau shi a Babbar Sallah a gurbin mahaifina. Mai kula min da shi dattijo ne da ya yi wa mahaifina aikin barga sama da shekara 30. Baba muke ce masa, shi ya fara ɗora ni a kan doki ina yaro.

Baba ya ce dokin ba shi da wuya, yana tafiya da kai a miƙe kamar raƙumi. Sai ya riƙa sa masa linzami ya janyo haɓarsa kusa da ƙirji, ya ɗaure kamazuru a jikin sirdi, ya bar shi a turke tsawon yini, wani lokaci har ya kwana a haka. Wuyan kam ya tanƙwaru, a hoto ya yi kyau. Amma yanzu dokin na yawan tuntuɓe, in na ɗora masa sirdi sai ya lotsa baya, sau biyu na ga jini a yawunsa, kuma Juma'ar da ta wuce ya miƙe da ni tsaye, saura ƙiris mu kifa ta baya. Wani abokina ɗan folo, wato ƙwallon dawaki, ya ce kashe dokin muke yi, in kai shi bargarsu. Da na ɗan taɓa wa Baba maganar sai ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma haka ya yi wa dawakin mahaifina. Kwana biyu bai kula ni ba. Sallah saura sati tara, na ɗinka kaya, an riga an sa sunana. Yaya zan yi?

Wani mai neman shawara, daga Katsina

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma a karo na biyun na fahimci ba doki kaɗai ka sayo a Mai'adua ba. Ka sayo haniniyar da ta daina tashi a gidanku ne, ka kuma mayar wa wani dattijo da aikin da ya san kansa da shi. Shi ya sa maganar igiya guda ta yi maka nauyi haka. Zan bi da kai a hankali, amma abu ɗaya ba ya jiran hankali: daga daren yau dokin nan kada ya sake kwana ko yini da kai a ɗaure, kuma kada ka sake hawansa sai an duba bakinsa da bayansa. Dokin da ya miƙe tsaye don gudun zafin linzami, in mahayi ya firgita ya ƙara ja, ta baya yake faɗuwa, kuma sirdinmu na katako ne, a kan ƙirjin mahayi yake sauka. In har wata rana wani doki ya sake miƙewa da kai, ka saki linzami gaba ɗaya, ka kwanta a wuyansa ka riƙe geza, in ya dire ka kora shi gaba. Ja a wannan lokacin shi ne ganganci.

Yanzu mu zo kan wuyan. Abin da Baba ke nema daidai ne, ni ma shi nake so in gani a dokinka. Dokin da ya ɗauki kansa, ƙirji a sama, wuya ya yi baka, yana taku ɗai-ɗai kamar ƙasa ba ta isa ya taka ta ba, babu mahayin da bai yi mafarkinsa ba. Inda aka samu saɓani shi ne inda wannan kyau yake fitowa. Ka lura da yarinyar da ta saba ɗauko tulu daga rijiya. Wuyanta a tsaye, kafaɗu a sake, ba ta ko dafa tulun. Babu wanda ya ɗaure mata wuya da kara don ta miƙe, ƙugunta da bayanta ne suka koyi kayan a hankali, daga ƙaramar ƙwarya har zuwa tulu, wuya kuma ya bi. Haka doki yake. Tanƙwarar wuya ta gaskiya daga kuturi take tasowa, ta bi gadon baya, sannan ta iso kai. Baki shi ne zangon ƙarshe, ku kuma daga nan kuka fara.

Bari in buɗe maka yadda halittar take, don ka samu abin da za ka riƙe a ranka in an yi maka gardama. Doki a tsaye, ba mahayi, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba yake, saboda kai da wuya suna da nauyi kuma a gaba suke. Sannan babu wani ƙashi da ya haɗa ƙafafunsa na gaba da gangar jikinsa, irin wanda mu muke da shi daga kafaɗa zuwa ƙirji. Tsoka ce kawai ke riƙe da ƙirjinsa a tsakanin kafaɗu biyu, kamar goyo a zane. In tsokar nan ta yi ƙarfi sai ta ɗaga ƙirjin sama, in ba ta da ƙarfi sai ya zube ƙasa, musamman da aka ɗora masa mutum. Gadon bayansa kuma ka ɗauke shi kamar baka, tsokar cikinsa ita ce tsirkiya. In ƙafar baya ta shigo sosai ƙarƙashin ciki, tsirkiya ta ɗame, baka ya tanƙwaru sama, doki ya ɗauki mahayi cikin sauƙi, gaba ta yi sakayau, wuya ya lanƙwasa da kansa. In kuwa aka janyo haɓa da ƙarfi, doki zai sandare wuya don kare bakinsa, bayan ya lotsa, ƙafafun baya su riƙa jan ƙasa a can baya, nauyi duka ya koma gaba. Ga tuntuɓenka nan. Ƙari a kan haka, doki ta hanci kaɗai yake numfashi, ba ya iya yi ta baki, kuma matse haɓa da ƙirji na ƙuntata maƙogwaro, yana kuma hana shi ganin abin da ke gabansa sai ƙasan ƙafarsa. Ba mu kaɗai muka faɗa wannan rami ba. Turawa masu gasar horon dawaki sun yi ta naɗe wuyan dawakinsu har haɓa ta taɓa ƙirji, aka yi ta rigima, har a 2010 hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta ce ba ta yarda da duk wata tanƙwarar kai da wuya da aka samu ta hanyar tursasawa ba.

Je ka barga gobe da safe ka shafa wuyansa da tafin hannu, daga bayan kunne har kafaɗa, sannan ka shafa ta ƙasa, daga maƙogwaro zuwa ƙirji. Ina kyautata zaton za ka ji ƙasan ya yi tauri ya kumburo, saman kuma, gab da kafaɗa, ya rame har ya yi ɗan kwari. Wannan wuyan dokin da ke kokawa da igiya ne. Na dokin da ya ɗauki kansa, saman ne ke cika, ƙasan ya yi laushi har yana ɗan rawa in yana tafiya. Hoto ba ya nuna wannan bambanci, hannu ne ke nunawa.

Sai shekarunsa. Ɗan shekara huɗu a ido ya zama doki, amma ƙasusuwan gadon baya da na wuya su ne na ƙarshen ƙosawa, sai wajen shekara 5 zuwa 6 suke gama haɗewa. Bakinsa ma aiki ake ciki: a wannan shekarun bai gama famfara ba, fiƙoƙinsa na ingarma kuma yanzu suke fasowa. Wato bakin da ko ba linzami yana ƙaiƙayi da zafi, shi aka sa wa ƙarfe aka ɗaure kwana guda. In linzaminka irin namu na gargajiya ne, mai harshen ƙarfe da ke tokare ganda da zoben da ke zagaye haɓa, to ka sani an ƙera shi ne don ƙwararren hannu da gogaggen doki, a taɓa kaɗan a saki. Ba a yi shi don a bar shi a ɗame ba. Karin maganar Baba gaskiya ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma duk mai saƙar kwando ya san ɗanyen ma in aka yi masa lokaci ɗaya tsagewa yake.

Don haka matakin farko likitan dabbobi ne, wanda ya saba da dawaki, ba mai allurar kaji ba. Ya buɗe bakin ya duba harshe, ganda, da dasashin nan da ba haƙori inda linzami ke zama. Ya duba turamen haƙora, domin na doki ba sa daina fitowa, gefensu kan yi kaifi ya yanki kunci, ana goge su da magagari. Ya duba ko akwai ɗan ƙaramin haƙorin nan da kan fito gab da turame, wanda linzami ke buga, in yana damunsa a cire. Ya bi gadon baya da yatsu ya ga inda dokin ke zillewa. Ku kifa sirdin ku duba cikinsa, sannan ku ɗora shi a bayan ba zubka ku ga ko katakon na zaune a kan ƙashin baya ko yana cizon kafaɗa. Bayan kilisa, in ka cire sirdi ka ga ko'ina ya jiƙe da gumi amma wani wuri kamar kwabo ya bushe, ko farin gashi ya fara fitowa a wurin, nan ne yake matsa shi, kuma a akawal farin gashi ba ya ɓuya. A duba kofato ma, domin dogon kofato kaɗai ya isa ya sa tuntuɓe, kowane sati shida zuwa takwas ake so a gyara shi. In ba ka samu wanda hankalinka ya kwanta da shi a kusa ba, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suna ganin dawaki, 'yan folon garinku kuma sun san likitocin da suke kira.

In likita ya gama, sati biyu zuwa uku na farko ba linzami, ba sirdi, ragama kawai. Kowace asuba, kafin rana ta yi zafi, a ja shi a ƙasa minti 30 zuwa 40, tafiya mai rai, ba jan ƙafa ba, a bar shi ya miƙa wuya gaba da ƙasa yadda yake so. Na san wannan ne zai fi ɓata wa Baba rai, domin a idonsa raƙumin ya dawo. Amma miƙa wuya ƙasa shi ke buɗe bayan da ya sandare, kuma sai baya ya buɗe ƙafar baya ke samun hanyar shigowa. Ku nemi wuri mai yashi marar zurfi, ka share shi da tsintsiya, a bi da dokin ta kai, sannan ka tsuguna ka karanta sawun. Dokin da ke tafiya da bayansa, kofaton baya na sauka a kan sawun na gaba ko ya wuce shi. Wanda bayansa ya ƙage, na baya na sauka kafin ya kai. Ka ɗauki hoton sawun ranar farko da wayarka, ka sake ɗauka duk Juma'a. Wannan hoton ya fi na wuya faɗin gaskiya.

A cikin waɗannan makonni ka samo gora huɗu ko biyar ka jera a ƙasa, tazarar kimanin santimita 80, ka gyara daidai takunsa, a riƙa bi da shi ta kai yana tsallakawa. Dole ya sunkuya ya duba, ya ɗaga ƙafa, ya ɗame ciki. In akwai gangare mai sauƙi, bakin rafi ko gefen wani tudu, a hau a sauka a hankali, hawa na gina kuturi, sauka a natse na koya masa riƙe kansa. A tsayar da shi, a ja da baya taku uku ko huɗu, a ci gaba. Da yamma ka ɗauki ɗan karas ko dunƙulen dusa ka kai saitin haƙarƙarinsa ya juyo ya ɗauka, dama da hagu, sannan tsakanin ƙafafunsa na gaba. Ka sa yatsu a tsakiyar cikinsa inda majayi ke bi ka ɗan sosa sama da ƙarfi, za ka ga bayan ya taso kamar an hura shi, ka riƙe daƙiƙa biyar ka saki. Ka tsaya a gefe, kusa da kafaɗa, don kada ya kai maka shuri. Harawarsa a zuba masa a ƙasa ko a abu mai gajarta, ya ci kai a sunkuye yadda Allah ya halicce shi, a rage gero tunda aiki ya ragu, in ba haka ba ƙarfin zai fito ta tutsu. Kuma ingarman da ke yini a turke sai kilisar awa guda, ko me aka koya masa jikinsa zai riƙa sandarewa. In akwai fili mai katanga, a sake shi ya yi birgima.

Bayan baki ya warke sai a koma hawa, da linzami mai sauƙi, irin mai gaɓa a tsakiya da 'yan folo da 'yan sukuwa ke fara horo da shi. A nan aikin ya dawo kanka, kuma ka yi haƙuri in faɗa maka abin da wataƙila ba wanda ya faɗa maka. Da yawanmu mun koyi hawa ne a sirdi mai jingina, sai mu kishingiɗa baya, mu tura ƙafafu gaba cikin likkafa, mu rataye a linzami. Mai wannan zama ko dokin sarki aka ba shi sai ya lotsa masa baya. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo daga gefe. Kunnenka, kafaɗarka, ƙugunka da dunduniyarka su zo layi ɗaya, yadda da za a zare dokin daga ƙarƙashinka, a kan ƙafafunka za ka dira. Hannu ƙasa-ƙasa, gwiwar hannu a sake tana bin kaɗawar kansa. Ka auna nauyi kuma. Abin da masana suka fi ba da shawara shi ne kada mahayi da sirdi da kaya su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki. In dokinka kilo 350 ne, kilo 70 ke nan, kai da sirdin katako da jalala da alkyabba da duk kayan ado. Ga ɗan shekara huɗu mai ciwon baya, ko hakan ma ya yi yawa.

Darasin kansa ba shi da ado, shi ya sa matasa ba sa son sa. Tafiya, tsayawa, tafiya. Tafiya, sassarfa, tafiya. Sau goma, sau ashirin, a cikin minti 20. Duk canjin taku na tilasta masa ya shigo da ƙafar baya ya gyara tsayuwarsa. In za ka tsaya, fara da zama: ka miƙe, ka ɗame cikinka, ka daina bin tafiyarsa da ƙugu, sannan ka matse yatsu kamar mai matsar lemo, da ya amsa ko da kaɗan ne ka saki nan take. Sakin nan shi ne ladansa, da shi yake gane ya yi daidai. Laifin igiyar Baba ke nan a taƙaice, ba ta saki, ko doki ya bi ko ya ƙi zafin ɗaya ne, to me zai koya? Ka riƙa yin manyan da'irori, faɗin taku 20 ko fiye, dama da hagu daidai wa daida, domin kowane doki na da ɓangaren da ya fi masa sauƙi kamar yadda muke da na-dama da bahago. Gwajin da za ka riƙa yi shi ne, kuna cikin tafiya mai kyau, ka tura hannayenka gaba linzami ya yi sako-sako na taku biyu ko uku. In ya ci gaba yadda yake, bai ƙara sauri ba, bai faɗa gaba ba, bai ɗaga kai ba, to a wannan takun shi ke ɗauke da kansa. Da farko taku ɗaya za ka samu. Ka yi murna da shi. Zamiya da jahi kuwa ka ajiye su gefe tukuna, ba abin da ke cin gwiwar baya da bakin ɗanyen doki kamar a sako shi a guje a dame linzami.

Tsoka ba ta fara nuna canji a ido sai an yi kamar wata biyu ana aiki, ginuwarta sosai kuma aikin shekara ne da ɗoriya. A tsohuwar makarantar hawa ta birnin Biyana a Ostiriya, inda ake horar da wasu fararen ingarmu, suna fara aiki da doki yana wajen shekara huɗu, kuma sukan kwashe kimanin shekara shida kafin su ce ya ƙware. Ba na ce ka jira shekara shida ba, hawan sallah ba ya buƙatar abin da suke nema. Na kawo ne don ka auna sati tara ɗinka da shi. Ni kaina na taɓa gaggawar nan da wani bidi ina saurayi, na samu wuyan da nake so cikin wata guda, na kuma shafe shekara biyu ina lallashin bakin da na ɓata, har ya bar hannuna bai daina kaɗa kai in ya ji ƙarar ƙarfe ba.

To Sallah fa? Shawarata ka hau, amma ba a kansa ba. Ka nemi aron natsattsen doki wurin abokan mahaifinka, ko ka yi haya, ka sa kayan da ka ɗinka, ka cika gurbin. Mutanen da za su gan ka su ce ga ɗan wane, kai za su duba. Babu mahayin kirki da zai raina wanda ya ce dokina yaro ne, ina tanadinsa. Shi kuma akawal, a ranakun a ja shi da ragama ya tsaya daga nesa, ya ji tambari da algaita da bindiga, ya ga taro, a mayar da shi kafin ya firgita, wannan ma karatu ne babba. In kuwa zuciyarka ta kasa haƙura, kuma likita ya duba ya ce baki da baya sun warke sarai, to mafi ƙarancin haɗari shi ne rana ɗaya tak, ko Hawan Sallah ko Hawan Bariki, ba duka ba, da kaya marasa nauyi, da mutum a ƙasa riƙe da shi, tafiya kawai ba sukuwa. Amma dokin da ya miƙe da kai a filin kilisa ba kowa, ka yi tunanin abin da zai yi a tsakiyar mata da yara in aka harba bindiga. Ni dai na farkon na zaɓar maka.

Sauran Baba, kuma shi ne rabin matsalar. Ka sa kanka a matsayinsa. Mutumin da ya binne maigidansa, ya ga an fitar da dawakin da ya yi rainonsu ɗaya bayan ɗaya, sai ga yaron da ya ɗora a sirdi da hannunsa ya dawo masa da aiki, sannan yaron ya zo da maganar wani abokinsa yana cewa bai iya ba. Shirun kwana biyun nan ba na girman kai ba ne kawai, akwai tsoron kada a ce zamaninsa ya wuce. Kuma kada ka manta akwai abin da ya sani wanda ni da abokinka ba za mu koya maka a takarda ba. Shi zai kalli dokin da asuba ya ce yau cikinsa ba daidai ba tun kafin ya fara birgima. Wannan ido ba a sayensa.

Kada ka yi masa maganar a gaban yaran barga, kada kuma ka buɗe da sunan abokinka. Ka same shi shi kaɗai bayan la'asar, da ɗan goronsa, ka tambaye shi labarin dokin mahaifinka da ya fi kowanne taƙama: yana ɗan shekara nawa ya zo, shekara nawa ya yi kafin ya fara shiga hawa, wa ke kai shi kilisa, ina suke zuwa. Ina da yaƙinin a cikin labarin za ka ji tafiyar asuba mai nisa, da yashin rafi, da shekaru. Wato abin da ya gina waɗancan dawakin, Baba ne ya yi shi da ƙafarsa, igiyar ce kawai ta karɓi yabon. Sannan ka ɗauki laifin da yake naka, domin naka ne: kai ka kawo ɗanyen doki ka sa wa dattijo wa'adin Sallah, shi kuma ya nemi gajeriyar hanya don kada ya ba ka kunya. Ka ce masa, Baba na janye wa'adin, bana aro zan yi, wannan kuma na ba ka shekara guda ka gina min shi yadda ka gina na Alhaji. Ranar da likita zai zo, Baba ne zai riƙe dokin, ka roƙi likitan ya kama yatsan Baba ya ɗora a kan ciwon. Wanda ya yi shekara 30 da dawaki, in yatsansa ya taɓa miki a dasashi, ba sai an yi masa wa'azi ba. Tafiyar asuba da gyaran abinci da karanta sawu ka damƙa masa su, shi ne shugaban aikin.

In ya ce ai wannan duk tsarin Nasara ne, ka tuna masa cikin raha cewa a Katsina kuke. Sarki Muhammadu Dikko ne ya kafa folo a garin nan, ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1981, sunansa a folo ya wuce Najeriya, kuma babu wanda ya isa ya ce waɗannan ba su san hawan gargajiya ba. Gida ɗaya ya riƙe biyun. Shi ma abokin naka ka karɓi gaskiyarsa amma ka buɗe ido, domin a bargar folo ma akwai igiyoyin da ke janyo kai ƙasa da linzamai masu zafi, an dai yi su da fata mai kyau ne. Kada ka cire igiyar Baba ka sa ta kanti. Abin da za ka nema a wurinsa shi ne aron linzami mai sauƙi, lambar likita, da wani ƙwararre da zai riƙa kallon zamanka sau ɗaya a sati. Kwashe dokin a kai bargarsu, a yanzu, mari ne ga Baba a bainar jama'a, ban ba ka shawarar haka ba.

Idan duk ka bi wannan ka dawo ka tarar an sake ɗaurewa, sai ka sa baffanka ko wani aminin mahaifinka da Baba ke jin nauyi ya yi masa magana, kai kuma ka ɗauke linzamin da sirdin ka ajiye a ɗakinka, a bar ragama kawai a barga. In hakan ma bai yi ba, to dokin amana ce a wuyanka, kai za a tambaya, sai ka mayar da shi wani wuri na 'yan watanni, amma albashin Baba da abincinsa da gaisuwarsa kada ko ɗaya ya ragu, kuma ka gaya masa da bakinka kafin ya ji a waje. Ban zaci za a kai nan ba. Bayan sati uku ka sake rubuto min, ka gaya min abin da likita ya gani a bakin, da inda kofaton baya ke sauka a yashi, sai mu tsara watannin da ke gaba. Ka gaishe min da Baba.